Randar Ladi Kwali Tana Landan, Ina Tamu A Minna?

Maganar da zan kawo muku a wannan mako ta tukwane ce, amma kada wanda ya ji haka ya yi saurin juya shafi yana cewa ai wannan zancen mata ne da mutanen ƙauye. Zance ne na dukiya da suna, da kuma yadda al'umma takan bar abinta ya suɓuce mata tana ji tana gani.

A cikin watan Oktoba na shekarar 2025 aka buɗe wani gagarumin nuni a Tate Modern, ɗaya daga cikin manyan gidajen ajiye ayyukan fasaha na birnin Landan, inda aka tara ayyuka fiye da 250 na gwanayen Nijeriya sama da 50. A cikin waɗanda aka ɗaukaka a wurin har da marigayiya Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan da hotonta yake bayan takardar Naira 20 tun shekarar 2007. Wannan baiwar Allah ta yi yawancin aikinta ne a garin da muke kira Suleja yanzu, cikin Jihar Neja, kuma a nan Minna ta rasu ran 12 ga watan Agusta, 1984. Randunanta suna nan ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, suna Smithsonian a birnin Washington na Amurka, suna kuma Jami'ar Aberystwyth ta ƙasar Wales. To, in yau wani malamin makaranta a Tudun Fulani ya so ya kai ɗalibansa su ga randa ɗaya tak wadda ta fito daga hannunta, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa a cikin garin da ta cika?

Kafin mu nemi amsa, ya kamata mu fahimci hanyar da irin waɗannan kaya suke bi su ƙetare teku. Hanyar kuwa ita ce abin da Turawa suke kira galari, watau gidan nuni da cinikin ayyukan fasaha. Ya bambanta da gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano ko na Jos, domin gidan tarihi ajiya yake yi, ba ya sayarwa. Shi galari ciniki ne ya kafa shi. Maigidan yakan zaɓi wasu gwanaye 'yan kaɗan, masu zane ko sassaƙa ko saƙa ko ginin tukwane, ya ƙulla yarjejeniya da su cewa aikinsu ta hannunsa zai riƙa fita. Shi zai shirya nuni, ya gayyato masu saye da 'yan jarida, ya buga littafin da ke ɗauke da hoton kowane aiki da sunan mai shi da shekarar da aka yi shi, ya biya kuɗin dako da na inshora, sa'an nan ya yanka farashi. In an yi ciniki, galibi akan raba kuɗin biyu ne, rabi na mai aiki, rabi na gida.

Duk Bahaushen da ya san tarihin fatauci zai ga cewa wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ai shi ne aikin fatoma. A zamanin da ayarin goro yake tashi daga Kano zuwa Gwanja, falke ba ya sauka a kasuwar Salaga kara zube. Yana da maigida wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in za a ba da bashi, ya karɓi la'adarsa. Abin da fatoma yake sayarwa a haƙiƙa shi ne amana, domin mai saye bai san falke ba, amma ya san maigidan. Manyan attajirai kuwa, irin su Alhaji Alhasan Ɗantata wanda ya yi zama a ƙasar Gana yana ciniki kafin ya dawo Kano, sun san cewa mai wakili a zango biyu ko uku ya fi mai rumfa ɗaya sanin inda kaya suke daraja. Wannan ita ce hikimar galari mai rassa a ƙasashen waje: ana ɗauko aiki a inda ake yinsa, a kai shi inda masu kuɗi suke, ba tare da ya fita daga hannun gida ɗaya ba.

'Yan'uwanmu na kudu da maƙwabtanmu sun gane wannan, sun kuwa ɗaura ɗamara. Wata mace mai suna Adenrele Sonariwo ta buɗe gidan Rele a Legas a 2015, ta kafa masa reshe a Los Angeles ta Amurka a 2021, ta ƙara wani a Landan a 2024. Gidan Tiwani Contemporary shi ta can ya faro, aka kafa shi a Landan a 2011, sa'an nan ya buɗe reshe a Legas a 2022. A Gana an buɗe Gallery 1957 a Akra a 2016, ya kai reshe Landan a 2020. Nike Davies-Okundaye, gwanar rini da zanen adire, ta fara da cibiyar koyarwa a Oshogbo, ta gina gida mai hawa biyar a Legas, ta kuma kafa rassa a Abuja da garinsu Ogidi cikin Jihar Kogi. Tun 2016 ake cin wata kasuwar fasaha a Legas mai suna ART X, inda gidajen nuni na ƙasashe dabam-dabam suke kama rumfuna. Wanda yake shakkar ko akwai kuɗi a wannan sana'a, ya tuna cewa a watan Fabrairu na 2018 aka yi gwanjon wani zane na marigayi Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan, aka saye shi fam miliyan 1.2.

Mai karatu ya sake duba jerin garuruwan nan da na lissafa. Zai ga Legas da Akra da Landan da Los Angeles, zai ga Abuja. Ba zai ga Kano ba, ba zai ga Zariya ba, balle Minna ko Bida. Abin mamaki kuwa shi ne a Zariya aka kafa ƙungiyar nan ta ɗaliban zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka sauya wa fasahar zamani ta Nijeriya alƙibla. Kuma a wannan shekara ta 1958 ɗin ce tukwanen ƙasarmu suka shiga galari a Landan. Ashe ba a baya muka faro ba. A gaba muke, muka tsaya aka wuce mu.

Ga yadda abin ya faru. An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a Kwali, ƙasar Gbagyi waɗanda muka fi sani da Gwarawa, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Ba da inji take yi ba. Takan murza yumɓu ta riƙa ɗora shi zagaye-zagaye tana kewaya tukunyar, har randa ta tashi sumul kamar an auna ta da ma'auni, sa'an nan ta zana mata ƙadangare da kunama da kada da hawainiya da kifi. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, mutum ne mai ido, ya tara randunanta a gidansa. A can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, wanda Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki, ya fara ganinsu. Cardew ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a Abuja a farkon shekarun 1950, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Mai karatu ya lura, Abujar da ake magana ita ce Suleja ta yanzu, wadda ta bar wa sabon babban birnin Tarayya sunanta bayan 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja.

A makarantar nan Ladi ta ci gaba da gina randunanta da hannu kamar yadda ta gada, sai dai yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli a gasa su a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. Aka kai su gidan nuni na Berkeley a Landan a 1958, aka koma a 1959 da 1962, Turawa suka yi rububinsu. Ita kanta ta je Ingila da Faransa da Jamus tana gina tukunya a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zaga Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, Gwamnatin Tarayya ta ba ta lambar yabo ta ƙwazo a 1980, ta ƙara mata lambar OON a 1981.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci. A ƙasar Gbagyi akwai mata ɗaruruwa masu ginin randa, a cikinsu kuwa ba a rasa waɗanda hannunsu ya kusa nata. Me ya sa duniya ta san Ladi, su kuwa ko jikokin maƙwabtansu ba su riƙe sunansu ba? Gwaninta dai tana da ita, babu mai musu. Amma akwai wani ɗan ƙaramin abu da aka yi a makarantar Abuja wanda ba a yi a kasuwar ƙauye. Kowace tukunya kafin a gasa ta sai an danna mata hatimi biyu a gindi: ɗaya na gidan, an rubuta Abuja da haruffan Larabci, ɗaya kuma na wanda ya gina ta. Na Ladi haruffa biyu ne, L da K. Saboda wannan hatimi, yau bayan shekara sittin da ɗoriya, mai gwanjo a Landan yana iya kifa randa ya ce wannan ta Ladi Kwali ce, wannan ta Halima Audu, wannan ta Asibi Ido, wannan ta Lami Toto, wannan ta Kande Ushafa. Randar da ba ta da hatimi kuwa, kome kyanta, sai a rubuta mata cewa aikin wata mace ce daga arewacin Nijeriya, a sayar da ita kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai misalin da ya ƙara fito da wannan fili. A 1974 wata ɗaliba 'yar ƙasar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta zauna wurin su Ladi ta koyi ginin hannu irin na matan Gbagyi. Ta koma ta ci gaba da sana'ar, manyan gidajen nuni suka riƙe ta, har Sarautar Ingila ta ba ta lambar girma. Yau akan sayi tulu ɗaya na hannunta a gwanjo fiye da fam 200,000, kuma ita da bakinta takan faɗi inda ta koyo. Ba na faɗin haka don hassada, ta yi aiki ta ci guminta. Na faɗa ne don mu ga cewa ilmin da ya haifi wannan dukiya yana nan a ƙauyukan da ke kewaye da mu, a kafaɗar matan da suke sauko da tukwane kasuwa muna taya su da wulakanci.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko zai ce mu Musulmi ne, ina ruwanmu da gidan gumaka da hotuna? Hukuncin sassaƙa siffar mai rai fagen malamai ne, na bar musu. Amma ina tunatar da mai wannan magana cewa mafi yawan fasaharmu ba ta shiga wannan saɓani ko kaɗan. Zayyanar allo da ta Alƙur'ani, da aikin aska takwas a wuyan riga, da dagin da magina suke yi a fuskar soro, da tiren tagulla na Bida, da adon fata na dukawa, duk fasaha ce wadda masana na duniya suke rubuta littattafai a kanta. Kuma riƙe sunan gwani ba ɗabi'ar Turawa kaɗai ba ce. Har yau Zazzagawa suna ambaton Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu cikin ƙarni na 19.

Na biyu zai ce galari yakan ɓata abin da ya taɓa, kuma akwai gaskiya a ciki. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafowa. Da aka shafa wa randunan Ladi ruwan ƙyalli aka gasa su da wuta mai tsanani, sai suka yi nauyi, suka daina tsattsafo, suka tashi daga kayan amfani suka koma kayan kallo, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin matar da za ta zuba ruwa a ciki. Amsata ita ce ba wanda ya ce kowace randa ta tafi Landan. A bar ta ruwa a gindin bishiya tana aikinta. Amma yanzu da roba da firji suka cinye kasuwar tulu, yarinyar da ta ga uwarta tana wuni a ramin yumɓu ba ta samun na cefane ba za ta gaji sana'ar ba. In ba a buɗe wa gwanayen cikinsu kasuwa ta biyu mai tsoka ba, to, ta farkon ma mutuwa za ta yi.

Na uku zai ce dillali macuci ne, zai saya da arha a Paiko ya sayar da tsada a Paris. Wannan ma yana faruwa, kuma maganinsa shi ne rubutu. Tun a dokar haƙƙin mallaka ta 1988 Nijeriya ta tanadi cewa mai zane ko mai aikin da ake iya shafawa da hannu yana da rabo a cikin kuɗin da aka sami aikinsa in an sake sayar da shi a gwanjo ko ta hannun dillali. Amma ta yaya za a bi wa mutum haƙƙinsa alhali ba a san sunansa ba? Kun ga mun sake dawowa kan hatimi.

To, mene ne abin yi? Ba na kiran Gwamnati ta ware miliyoyi ta gina katafaren bene wanda za a yanke masa ƙyalle a rufe bayan wata shida. Mun ga abin da ya sami makarantar Suleja kanta, wadda aka sa wa sunan Ladi Kwali: an yi shekara da shekaru jaridu suna kawo labarin lalacewarta. Abin da nake kira a yi ƙarami ne, kuma mutum ɗaya mai hali da riƙon amana yana iya fara shi.

A sami gida mai ɗaki uku ko huɗu a bakin hanya, ko a Bosso ko a nan Tudun Fulani inda haya ba ta kai ta tsakiyar gari ba, ga kuma malamai da ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya a kusa. A shafe shi da farar ƙasa, a sa fitilu masu kyau. Maigidan ya zaɓi gwanaye goma kacal: mata biyu ko uku daga Tatiko ta ƙasar Paikoro inda aka shahara da tukwane, maƙeran tagulla da masu narka gilashi na Masaga daga Bida, masaƙa, mai zayyana, da matasa masu zanen zamani da suka fito daga Zariya. A yanka wa kowa hatiminsa. A buɗe babban littafi, kowane aiki a rubuta sunan mai shi da garinsa da ranar da aka gama da girmansa da wanda ya saya da nawa ya biya, a ɗauki hotonsa. A rubuta yarjejeniyar rabo da harshen da mai aikin yake ji, a karanta masa gaban shaidu. Kuma daga kowane nuni a keɓe aiki ɗaya mafi kyau wanda ba za a sayar ba ko nawa aka taya, domin 'ya'yanmu su sami abin gani a gida.

Reshe a ƙasar waje kuwa ba ranar farko ake yinsa ba. Rele ta shekara shida a Legas kafin ta ƙetare. Matakin farko shi ne a kama rumfa a kasuwar fasaha ta Legas, na biyu a ƙulla abota da wani gida na Landan ko Dubai a riƙa musayar nuni, ga kuma intanet wadda ta sa mai saye a Amurka yana iya ganin abin da ke Minna a cikin wayarsa. Sai dai a kiyaye doka, domin dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, saboda haka littafin nan da na ambata shi ne zai shaida cewa kayan sababbi ne, ga mai su nan da ransa.

Kada wani ya ce ba a taɓa yi ba. Marigayi Ɗanlami Aliyu ɗan Minna ne, ya koyi sana'ar a makarantar Abuja, ya ƙaro ilmi a Farnham ta Ingila, ya dawo ya kafa maginar Al-Habib a garin nan, ayyukansa kuma sun shiga hannun masu tarawa a Turai. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a sana'o'in hannu. Ke nan gwanaye muna da su, shaidar duniya ma mun samu, fatoma ne babu.

Rabon Gwamnatin Jiha a nan bai wuce abu biyu ba. Ta nemi randunan Ladi Kwali da na abokan aikinta da suka rage a hannun mutane cikin ƙasar nan, ta saya tun kafin kuɗinsu ya ƙara nisa, ta ajiye su inda ɗan makaranta zai shiga kyauta. Sa'an nan duk sa'ad da za ta yi wa babban baƙo kyauta, ta sayi aikin ɗan jiha mai hatimi da cikakken farashinsa, maimakon agogon bango da aka yi a Sin. Sarakunanmu kuma su tuna cewa farkon wanda ya gane darajar Ladi ba Bature ba ne, Sarki ne, kuma a zaurensa baƙon ya gani. Attajiranmu da suke ƙawata falo da furen roba daga Dubai su ma su yi wa kansu tambaya.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tsofaffin matan da suka iya wannan gini suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tafi kuwa da abin da ke hannunta take tafiya. Wanda Allah ya hore wa, ya fara da ɗaki ɗaya da littafi ɗaya tun suna raye.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa in Mai Duka ya kai mu.